Kujerar Wanda Ba Ya Nan

Tun kafin a yi sallama ƙamshin turaren ya shigo ofishin, gaban Auta ya yanke ya faɗi. Mace ɗaya ta sani da wannan turaren, kuma ba irin matan da ke takowa asibiti don gaisuwa kawai ba ce.

Hajiya ce, mahaifiyar Injiniya, mutumin da aka riga aka sa musu ranar aure shi da Auta. Auta ta yi wuf ta zagayo daga bayan tebur ta durƙusa har ƙasa. A asibitin nan kowa Shugaba yake kiranta, daga likitoci har masu gadi, don ita ke riƙe da sashen magunguna gaba ɗaya. Amma a gaban uwar miji ba a shugabanci, ko da mijin bai zama miji ba tukuna.

"Tashi 'yata, tashi. Da farar rigar taki za ki share musu ƙasa?"

Hajiya ta zauna, ta ɗora jaka a cinya, ta bi ofishin da kallo kamar mai shirin saye. Murmushi take yi, sai dai murmushin bai kai ga idanunta ba.

Auta ta san abin da ya kawo ta. A farkon makon nan aka kawo wani yaro da zazzaɓi mai zafi, likita ya rubuta masa ruwan magani na yara. Wadda ke kan kanta a ranar 'Yar Lele ce, ƙanwar Injiniya, 'yar Hajiya mace tilo, wadda ke aiki a ƙarƙashin Auta. Dokar sashen ita ce ka karanta sunan magani da ƙarfinsa a bayyane, ka gwada da takardar likita, sannan ka miƙa. Ita kuwa waya na maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa, tana faɗa da tela a kan ɗinkin da za ta sa a bikin yayanta. Ta miƙa hannu ta ɗauko na manya, mai kwali iri ɗaya, ta ba uwar yaron.

Yanzu yaron na kwance a ɗakin kulawa ta musamman, na'ura ce ke taya shi numfashi. A nan cikin ofishin 'Yar Lele ta zube tana kuka ta faɗa wa Auta komai da bakinta. Gobe da safe kwamitin bincike zai zauna, kuma abin da Shugaba ta faɗa shi za a ɗauka.

"Yarinyar nan ko ruwa ba ya wuce mata," in ji Hajiya. "Idan aka ƙwace lasisinta, karatun da ta sha wahala a kai ya tashi a banza. Ke ma kin sani."

"Na sani, Hajiya."

"To, na yi tambaya. An ce akwai wata mata da ke jera muku magunguna a kanta. Maman Biyu ko wa?"

"Eh, tana nan."

"Idan ita ta jera na manya a gurbin na yara fa? Hannu ya saba da wuri, ya ɗauka. Laifin wa kenan? Ita ba lasisi gare ta ba, ba abin da za ta rasa."

Auta ta sunkuyar da kai. "Hajiya, don Allah a bar maganarta tunda ba ta nan."

"Ai gara da ba ta nan ɗin. An ce mini ma sakarai ce, ga mantuwa. Kuma wai har ɗan hali gare ta, in ta ga kwali a buɗe..."

A nan ne Auta ta ɗago ta dubi kujerar.

Wata koriyar kujerar roba ce a jikin bango, ba mai zama a kanta haka kawai. Lokacin da aka ba Auta sashen nan, gulma ta tarar ta yi masa katutu, kowa na kawo ƙarar kowa a ɓoye. Ta tara ma'aikatan ta ce ita tana tsoron ranar da za a tsayar da ita a tambaye ta amanar mutanen da aka ba ta, don haka ba za ta ci naman kowa ba, ba kuma za a ci a gabanta ba. Duk wanda ya kawo maganar wani, sai an kira mai ita ya zauna a wannan kujera ya ji da kunnensa. Ba a jima ba ƙararraki suka ƙafe. Ma'aikata har suna suka sa wa kujerar, wai ƙaramar lahira.

Mai hankali zai ce dokar ofis ta ma'aikata ce, ba ta surukai ba. Ita ma Auta ta san da haka. Amma abin da mutum ya saba yi don Allah shekara da shekaru, ƙafarsa kan riga tunaninsa. Kafin ta ankara ta buɗe ƙofa ta leƙa.

"A kira mini Maman Biyu."

Matar ta shigo tana goge hannu da gefen mayafi, 'yar siririya, bazawara, mai yawan cewa a yi haƙuri ko ba ta yi laifi ba. Da aka nuna mata kujerar sai ta ɗosana a baki-baki, idanunta sun raina fata.

"Hajiya ce ke da magana a kanki," in ji Auta.

Auta ta zaci Hajiya za ta tashi da faɗa, kuma da faɗan aka yi da ya fi mata sauƙi. Hajiya ba ta yi ba. Ta juyo a hankali ta ƙare wa Maman Biyu kallo, tun daga tsohon takalminta har zuwa bakin mayafin da ya fara zare.

"Allah sarki. Ke ce mai tagwaye? Maza ko mata?"

"Mata ne, ranki ya daɗe."

"Suna makaranta?"

"Suna zuwa, in an samu hali."

"Uban fa?"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Gidan haya kike kenan." Ba tambaya ba ce, amma matar ta gyaɗa kai. Hajiya ta miƙe ta saɓa jakarta. "Shi ke nan, dama ganinki nake son yi. Na kuwa gan ki."

A bakin ƙofa ta tsaya, ta gyara wa Auta wuyan farar riga da yatsu biyu.

"Na gode 'yata. Yau na ga irin aikin da kike yi. Ki gaida Ummanki, ki ce mata kada ta yi gaggawar raba katin biki."

Da aka tashi aiki, Auta na saukowa daga bene ta yi kiciɓis da Darakta, mai kula da harkokin ma'aikata. Ya daɗe yana binta da maganar aure, ta daɗe tana ba shi haƙuri. Ranar da ya ji an sa mata rana, dariya ya yi ya ce shi bai taɓa ganin abin da ya fi haƙuri riba ba.

"Shugaba, na ga baƙuwarki ta fita fuska a ɗaure."

"Gaisuwa ta zo, Yallaɓai."

"Madalla." Ya jingina da ƙarfen bene ya tare mata rabin hanya. "Ni dai shawara ɗaya zan ba ki. Gobe ki faɗi gaskiya komai ɗacinta, ina bayanki. Mace irinki ba ta sayar da lahirarta don gidan wasu." Ya rage murya. "Idan kuma wata ƙofa ta rufe, kin san akwai wadda ba a taɓa kullewa ba."

Ba ta taɓa jin an yi kira zuwa ga gaskiya da murya mai ƙazanta irin wannan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga shi kuwa har ya fara leƙe. Ta raɓa ta gefensa ta wuce.

A gida ta tarar saƙon Hajiya ya riga ta isowa. Umma na zaune a kan darduma tun sallar la'asar ba ta tashi ba, waya a gefe, ido ya yi ja.

"Auta, ni za ki kunyata? Uwar mijinki ki zaunar da ita gaba da gaba da mai jera kwalaye, kamar a kotu?"

"Umma, sata ta fara jingina mata."

"Ina ruwanki? Ke kika haife ta?" Umma ta fashe da kuka. "Sa'o'inki 'ya'yansu sun isa aike. Ke kika zauna jinyar mahaifinki har Allah ya ɗauke shi, ban manta ba. Duk wanda ya zo sai ya ce ki ajiye aiki, ki ce a'a, ya kama gabansa. Wannan kaɗai ne ya ce ya ji ya gani. Shi ma sai kin kore shi?"

Auta ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta. "Me kike so in yi?"

"Ban ce ki yi ƙarya ba, Allah ya tsare ni. Ki ce ba ki sani ba, ba kya wurin. Ai da gaske ba kya wurin."

"Amma ta faɗa mini, Umma. Allah ya hana ɓoye shaida."

"Kada ki yi mini wa'azi, ni na kai ki makarantar!" Ta janye ƙafafunta. Can kuma ta ce a hankali, "Tsoro nake ji in mutu in bar ki ke kaɗai a gidan nan da gaskiyarki."

Wannan maganar ta fi faɗan ciwo. Sai aka yi sallama a ƙofar falo.

Injiniya ne. Ko gida bai biya ba, ƙurar wurin gini na kan takalminsa. Umma ta amsa gaisuwarsa a gajarce ta shige ciki. Da can in ya shigo tsokana yake fara yi, ya ce ina Shugabata, yau wa aka kai lahira? Yau zama kawai ya yi a ɗaya gefen falon, ya haɗa hannuwa.

"Na baro Hajiya hawan jininta ya tashi. 'Yar Lele ta kulle kanta a ɗaki."

"Allah ya ba su lafiya."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Injiniya, yaron mutane na can bai san inda kansa yake ba. Uwarsa a ƙasa take kwana a bakin ƙofa. Ba wanda ya tambaye ni shi tun safe."

Ya runtse ido. "Kin zaci ban damu ba? Wallahi tun da abin ya faru ban yi barcin kirki ba. Amma in an kori ƙanwata yaron zai tashi ne?"

"In an kori Maman Biyu zai tashi?"

"Za a kula da ita. Hajiya ta ce ba za ta wulaƙanta ba."

"Sunanta fa? Ta yi yawo a gari a matsayin wadda ta kusa kashe ɗan mutane? 'Ya'yanta su tashi da wannan?" Hawaye suka zubo mata. "Kai ka ce mini abin da ya sa ka zaɓe ni shi ne ba na juya magana. A wannan kujerar da kake kai ka faɗa. Ka ce kana son 'ya'yanka su tashi a hannun macen da ke tsoron Allah ko ba mai ganinta."

"Na faɗa, kuma har gobe ina kai."

"To yau da abin ya zo ƙofarku sai in canza?"

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Auta! Ni na goya yarinyar nan. Ranar da mahaifinmu zai rasu hannunta ya kama ya sa a nawa." Muryarsa ta karye, ya kau da kai. Ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai yau, kuma ganin ya kusa rusa duk abin da ta tsayu a kai.

"Ni ma ina sonta," ta ce. "Ta je da kanta ta faɗa. Zan tsaya mata, zan roƙi a sassauta, zan ce kuskure ne ba ganganci ba. Wanda ya amsa laifinsa ba ɗaya yake da wanda aka tono ba."

"Hajiya ba za ta bari ba."

"Kai fa?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗago da wata irin fuska da ba ta san shi da ita ba.

"An ce an gan ku da Darakta a kan bene."

Kamar ya watsa mata ruwan sanyi. "Injiniya! Ni?"

"Ban ce komai ba. Amma ki duba wa zai ci riba idan kika yi magana gobe. Hajiya ta ce hanyar fasa auren nan kike nema."

"Kai kuma ka yarda?"

"Ban san abin da zan yarda da shi ba." Ya miƙe. "Hajiya ta rantse, in sunan 'Yar Lele ya fito daga bakinki, ko bayan ranta ba ta yafe in aure ki ba. Kin san ba zan iya tsallake wannan ba. Ina sonki, Allah ya sani. Ki taimake ni kada ki sa in zaɓa."

Ya fita ana kiran magariba. Auta ta yi alwala da hawaye, ta yi sallar da ba ta san me ta karanta a ciki ba.

Da safe ta shiga sito don ɗauko kwalaben maganin biyu, na yara da na manya, da kwamiti ya ce a kawo. A bayan kwalayen ruwan ƙari ta tarar da Maman Biyu a tsaye, kamar mai jiranta. Sabon mayafi ne a jikinta.

"Shugaba, don girman Allah ki rufa mini asiri. Na riga na je wurin Darakta na ce ni ce."

Kwalba ɗaya ta kusa suɓucewa daga hannun Auta. "Ke ce me?"

"Ni na jera ba daidai ba."

"Ƙarya kike yi! Ke da kike jera su da nisa tsakani don kada a rikita?"

"Jiya Hajiyar nan ta zo har ɗakina." Matar ta durƙusa ta kama gefen farar rigar. "Ta ce za ta ɗauki karatun yaran har su gama, ta ba ni aiki a gidanta. Ta ce in na ƙi kuma, ta san mai gidan da nake haya. Shugaba, ni ba kowa ba ce. Sunana bai kai cikin 'ya'yana ba. Ke ma ki yi aurenki, kin yi mana alheri da yawa. Kowa ya huta."

Sai yanzu Auta ta gane abin da ta aikata jiya. Ta kira matar nan don ta kare ta, ashe nuna wa kura akuya ta yi, har da inda take kwana. Ga shi an share mata hanya tas: mai laifi ta tsira, wadda aka zalunta ta yafe, Umma za ta raba katinta. Shiru kawai ake nema daga gare ta, shirun da ba mai zarginta a kai.

Ɗakin taron ya yi sanyi da yawa. Babban likita na tsakiya, Darakta a damansa yana wasa da biro. Maman Biyu ta maimaita maganarta kai a ƙasa, kamar yarinya mai biya hadda. 'Yar Lele na can ƙarshen tebur cikin baƙin tabarau.

"To, abin ya zo da sauƙi," in ji babban likita. "Shugaba, ke ce mai sashen. Abin da matar nan ta faɗa, haka ne?"

Ta gilashin ƙofa Auta ta hango Injiniya a kan benci, ya dafe kai da hannu biyu. Ta dubi Darakta, ya ɗaga mata gira yana murmushi. Ta ji kamar ta yi shiru ko don ta baƙanta masa. Sai ta tuna ba don shi za ta faɗa ba, ba kuma don shi za ta fasa ba. Ta yi bismilla a zuci.

"Ba haka ba ne, Likita. Jerin kanta daidai yake. Wadda ta miƙa maganin ba ta karanta ba, tana waya, kuma ta faɗa mini da bakinta. Ina roƙon a sassauta mata, kuskure ne. Wannan baiwar Allah kuwa tsorata ta aka yi."

'Yar Lele ta kifa kai a tebur ta saki kuka. Maman Biyu ta ɗora hannu a ka.

Da Auta ta fito, Injiniya ya miƙe. Bai tambaye ta ba, kukan ƙanwarsa ya riga ya ba shi amsa.

"Ka saurare ni," ta ce da sauri, tana haɗiye kuka. "Na roƙa mata. Dakatarwa ce kawai za su yi, in Allah ya so. Da zarar yaron ya farfaɗo, iyayensa za su..."

Wata ƙara ce ta katse ta, daga can ƙarshen baranda, wajen ɗakin kulawa ta musamman. Muryar mace ce, ta tsaga asibitin gaba ɗaya, sannan salati ya biyo baya daga bakuna da yawa. Wata nas ta fito da gudu tana share ido.

Duk wanda ya yi aiki a asibiti ya san wannan kukan, na uwar da ta rasa ɗanta.

Injiniya ya juyo ya dube ta.

"Yanzu ba maganar kwamiti ba ce, Auta. Maganar 'yan sanda ce. Kuma ke ce shaidarsu."

Ta miƙa hannu kamar za ta riƙe hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya ja da baya, ya tura ƙofar ɗakin taron ya shiga wurin ƙanwarsa, ƙofar ta rufe a fuskarta.